Kujerar da Ba ta Gado Ba

Ranar da labari ya iso Vailoa, ƙauyensu da ke wani tsibiri a tsakiyar teku, cewa an ƙara wa 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka shekara guda, sai da aka yi addu'ar godiya a coci. Fasto ya ce annoba ta cinye wa yara kakar wasa, ga shi Ubangiji ya mayar musu da abinsu. Leutu tana layi na huɗu cikin farar rigarta da malafa, ta ɗaga murya ta ce amin kamar kowa. Babban ɗanta Peniamina, wanda ake kira Peni, yana can wata jami'a a arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe hanya wata biyar, yana karatu kyauta saboda faɗin ƙirjinsa. A ƙwallonsu ta Amurka, wadda ake jefawa da hannu, yana cikin ƙartin nan da ake jerawa a gaba su tare mutane da kafaɗa har mai jefa ƙwallo ya samu sarari. Ƙarin shekara gare shi ƙarin karatu ne, da ƙarin abinci, da ƙarin lokacin da manyan ƙungiyoyi za su iya hango shi.

Ba wanda ya tsaya ya tambaya daga hannun wa aka karɓo shekarar. In an ce kyauta, mutane ba su cika son jin asalinta ba.

Leutu tana da ɗa na biyu, Malaki, wanda tun yana shekara goma sha biyar ya kere yayansa tsawo. Watanni biyu kafin annoba ta sa a rufe filin jirgi, kocin Peni da kansa, wani Bature mai suna Brandvold, ya zo tsibirin farautar yara, ya biyo gidan ya gaisa. Aka shimfiɗa masa tabarma a babbar rumfa, ya tanƙwashe ƙafa da ƙyar, ya ci gwaza da ganye cikin madarar kwakwa yana share gumi. Yana cikin ci Malaki ya wuto daga gona da sanda a kafaɗa, damin ayaba gaba, dami baya. Koci ya bi shi da ido har ya ɓace bayan madafi.

"Wannan fa?"

"Ƙanin Peni ne," in ji Lafaele.

Lafaele shi ne matai, shugaban dangi, wan mijin Leutu da ya rasu. Ƙasar da suke zaune a kai, da gonaki, da wanda zai yi magana a madadin gida, duk a bakinsa suke.

Koci ya ajiye gwazar hannunsa ya ce, "Ranar da Peni ya tashi daga kujerarsa ta karatu kyauta, wannan yaron ne zai hau ta. Na faɗa a gabanku."

Lafaele ya yi wa mata alama, aka buɗe akwatin katako aka fito da tabarmar girma, wadda kakar yaran ta shekara uku tana saƙawa, mai laushi kamar yadi, da jan gashin tsuntsu a bakinta. Mata biyu suka ware ta suka zaga da ita kowa ya gani, aka ajiye a gaban baƙo. Irin wannan tabarma ba a zama a kanta. Da ita ake neman gafarar jini, da ita ake ƙulla maganar da ba ta warwarewa. Koci ya shafa ta, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, ya tambaya ko za ta ninku ta shiga akwatinsa.

Daga ranar Malaki ya zama mai kujera. Wasu makarantu biyu sun aiko suna nemansa bayan sun ga hoton wasansa, Lafaele ya sa aka ba su haƙuri.

"Mun riga mun yi magana," in ji shi. "Mu ba 'yan talla ba ne da za mu riƙa yawo da yaro gida-gida muna jin tayi."

Leutu ta so a bar ƙofa ɗaya a buɗe, amma ita matar da aka auro ce daga wani ƙauye, mijinta kuma yana kwance ƙarƙashin siminti a ƙofar gida. Wurinta bayan rumfa, kusa da tukwane.

Shekara biyu suka wuce. A watan Nuwamba na shekarar da Malaki zai gama sakandare, ta dawo daga kamfanin gwangwanin kifi da yamma, ƙarnin tuna har cikin gashinta, ta same shi a madafi zaune kan kujerar kankarar kwakwa. Kwakwar tana hannunsa a fashe, kwanon da ke ƙasa babu komai.

"Kai, tun ɗazu kallon ta kake yi? Ita za ta kankare kanta?"

"Mama, sun kira."

"Takardar makarantar ta taho?"

"Ba za ta zo ba."

Ta sauke jakarta a hankali. Ya yi mata bayani yana kallon ƙasa, kamar mai haddar darasi. Kowace makaranta mutum tamanin da biyar aka yarda ta ɗauki nauyinsu, ba ƙari ko ɗaya. Da can kowace shekara manya su fita, yara su shiga. Yanzu da aka ƙara wa kowa shekara, manyan sun zauna. Peni, wanda ya kamata ya gama bana, zai sake wata kakar. Mataimakin koci ne ya kira, ya ce sun yi baƙin ciki ƙwarai.

"To waɗancan makarantu biyun fa?"

"Na rubuta musu tun da rana. Ɗaya ta ce ta cika. Ɗayar ba ta amsa ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ko'ina haka ne, Mama. Kamar motar kasuwa ce ranar Asabar, na ciki sun ƙi sauka."

"Yayanka ya sani?"

"Don Allah kada ki gaya masa."

"Kai da Allah! A tsibirin nan kaza ma ba ta yin ƙwai a ɓoye."

Ba ta gaya masa ba. Kafin Lahadi har masu sayar da burodi sun sani.

Bayan cin abincin Lahadi Lafaele ya tara dangi. Maza suka jingina da ginshiƙai, kowa a nasa, mata a baya. Aka kira Peni ta waya mai hoto, aka jingina wayar da gwangwanin nama a tsakiyar tabarma. Fuskarsa ta cika gilashin, da hular sanyi har kunne.

"Dubi wuyan nan," in ji Goggo Fa'asega, ƙanwar Lafaele, tana karkata kai. "Peni, ƙwallo kake yi a can ko kiwon ka suke yi don Kirsimeti?"

"Goggo, ai ke na biyo."

Aka yi dariya, ta yi masa daƙuwa. Lafaele ya yi gyaran murya, dariyar ta ɗauke.

Ya iya magana, wannan ba mai ƙwace masa. Ya faro daga kakanni, ya biyo ta kan ubansu, ya zo kan kujerar. Ya ce Allah ya ba gidan nan kujera ɗaya a ƙasar Bature. Peni ya zauna a kanta shekara huɗu, ya ci, ya ƙoshi, bai kunyata kowa ba. Abin gida kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Gona in ka noma ta ka girbe, kakan matsa wa na bayanka. Sarauta in ta tsufa a wuyanka, dangi ne ke zama su ce ga wanda zai ɗauka. Baturen da bakinsa ya ce ranar da Peni ya tashi, Malaki zai hau. To abin da ya rage shi ne Peni ya tashi.

Kawuna suka gyaɗa. Maganar ta yi daɗi a kunne, ta yi kama da duk abin da suka sani.

Leutu ta ji bakinta ya buɗe kafin ta yanke shawarar buɗe shi.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. An tambayi kocin?"

Aka juyo ana kallon ta.

"A tambaye shi me?" in ji Lafaele.

"Ko in Peni ya tashi, lallai Malaki ne zai zauna. Maganar shekara biyu ce. Kuma Peni saura masa zango biyu ya karɓi digiri."

"Oho," in ji Goggo Fa'asega, "ashe a kamfanin kifi har lauyoyi ake horarwa. Mu muna nan muna zaton ƙaya kawai kuke cirewa."

Lafaele ya ɗaga hannu. Bai yi fushi ba, ya yi mata magana a hankali kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Matar ƙanina, mutumin nan ya karɓi tabarmar uwarmu a gaban jama'a. Wanda ya karɓi wannan ba a komawa a tambaye shi ko yana nan kan bakansa. Zagi ne. Sanar da shi ake yi." Ya juya ga wayar. "Peniamina, ka ji?"

Hoton ya tsaya cik na ɗan lokaci, har aka zaci layi ne ya yanke. Sai leɓensa ya motsa.

"Na ji, Kawu."

Malaki yana tsaye a gefe da kwanon wanke hannu da tawul a kafaɗa, aikin samari a irin wannan zama. Ba a tambaye shi komai ba.

Washegari kafin ta hau motar aiki Leutu ta kira Peni ita kaɗai, tana tsaye bakin hanya, teku na dukan duwatsu a bayanta.

"Kada ka sa hannu a komai sai ka ji daga bakin kocin."

"Mama, Kawu ya yi magana a gaban kowa."

"Kawunka bai taɓa ganin ƙanƙara ba, balle ofishin makarantarku."

"To in je in ce wa Bature, ranka ya daɗe, ka yarda in bi umarnin kawuna? In ya ce a'a fa? In dawo in ce wa dangi na zaɓi maganar Bature?" Ta ji yana jan hanci, ko sanyi ne ko wani abu. "Kuma ke ba ki ga fuskar Malaki ba jiya? Ni na gani. Yana riƙe da kwano, ni ina zaune a kan abinsa. Abinci ma ya ƙi wuce mini."

"Digirinka fa?"

"Zan yi aiki in ƙarasa. Wasu sun yi."

"Su wa? Faɗa mini sunan mutum ɗaya."

"Mama, lokacin atisaye ya yi."

An ce yaro mai biyayya ba ya taɓewa. Leutu ta ji wannan daga kan mumbari tun tana 'yar mitsitsiya, ta kuma faɗa wa 'ya'yanta da bakinta, wani lokaci da tsintsiya a hannu. Ta tsaya a bakin hanya tana kallon wayar, ta rasa wanda za ta zarga da ya wuce kanta.

Da aka gama wasan ƙarshe na kakar, Peni ya shiga ofis ya sa hannu cewa ba ya buƙatar ƙarin shekararsa. Ya ce koci ya tashi ya rungume shi, ya ce ya yi wa makaranta hidima, ƙofa a buɗe take ya zo kallon wasa duk lokacin da ya so. Da Peni ya ambaci Malaki, koci ya ce za su duba, za su kira.

Lafaele ya ce ai shi ke nan. Ya sa aka ware aladu uku ana ba su kwakwa don walimar bankwana. Goggo Fa'asega ta tara mata suna ɗinka riguna iri ɗaya masu launin makarantar. Malaki ya ci gaba da tashi da asuba yana jan tayar mota a kan yashi. Kullum in ya dawo sai ya duba wayarsa kafin ya sha ruwa.

Disamba ta wuce, Janairu ta wuce. Ranar farkon Fabrairu da yaran da jami'o'i suka ɗauka ke sa hannu ta zo, yara biyu kacal daga duk makarantarsu suka zauna gaban tebur da furanni a wuya aka ɗauke su hoto. A shekarun baya sukan kai bakwai ko takwas. Malaki ya je ya tafa musu.

Ranar Juma'a, lokacin hutun safe, Leutu ta cire safar hannu da hular leda, ta fita bayan kamfani inda ake jibge fanko, ta kira lambar da ta karɓa daga Peni. Koci ya ɗauka a kira na uku. Ya gane ta, ya yi murna, ya ce har yanzu tabarmar tana rataye a bangon ɗakin cin abincinsa, duk baƙon da ya zo sai ya yaba.

"Na kira ne kan Malaki," ta ce. "Peni ya tashi."

"E, na yi mamaki ƙwarai. Da ya zauna, shi ne zai riƙe mana gefen hagu."

"Ya tashi ne don ƙaninsa."



"Uwargida, ba wanda ya gaya mini haka kafin ya sa hannu."

"Kai ka ce ranar da ya tashi, ƙaninsa zai hau."

"Na faɗa, kuma da gaske nake a lokacin. Lokacin ba haka duniya take ba." Ta ji ya ja numfashi. "Bari in gaya miki gaskiya. Da Peni ya fita, sai na wayi gari da rami a gefen hagu. Yanzu akwai ɗaruruwan manya da suka samu ƙarin shekara suna neman canjin makaranta. Na samu wani mai shekara ashirin da uku, ya buga wasa arba'in. Malaki yaro ne mai kyau, amma sai na yi shekara biyu ina gina shi. Ni kuwa in ban ci wasanni bana ba, ba zan kai baɗi a nan ba."

"Ka ba shi kujerarmu."

"Uwargida, kujerar ta makaranta ce. Shekara-shekara ake ba da ita."

Ba da gatse ya faɗa ba. Ya faɗa ne kamar mai gaya maka ranar mako.

"To mayar da Peni."

"Mun cika. Tamanin da biyar cif." Ya ƙara da cewa in Malaki zai iya zuwa ya biya wa kansa makaranta, za a ba shi riga ya riƙa atisaye da su, wataƙila wata shekara wani abu ya buɗe. Ba ta tambayi nawa ba. Ta yi masa godiya, don haka aka koya mata, ta kashe wayar. Ƙararrawa ta buga, ta koma ta sa safar hannu ta tsaya gaban kifinta har ƙarfe huɗu.

Ta samu Lafaele da yamma a bakin garken aladu yana kallon yadda suka yi ƙiba, Goggo Fa'asega tana gefe da guga. Leutu ta zauna a ƙasa tukuna, don ba a yi wa matai magana a tsaye, ta faɗa masa duka, ba ta rage ba ta ƙara ba.

"Ƙarya ne," in ji Goggo Fa'asega. "Turancinki ne bai kai ba."

"Ga lambar, Yaya. Naki ya kai."

Lafaele ya daɗe yana kallon aladun. Tsoho ne mai son yaran nan da gaske, shi ya ɗauki Malaki a kafaɗa ranar jana'izar ubansa.

"To Peni ya koma kujerarsa," ya ce.

"Babu. An ba wani."

"Duka biyun?"

"Dama ɗaya ce."

Wani alade ya tura hanci cikin gugan, Goggo Fa'asega ba ta kula ba. Lafaele ya gyara zanin nan da mazan tsibirin ke ɗaurawa a ƙugu, ya share fuska da tafin hannu. Da ya sake magana, muryarsa ta dawo daidai, irin ta rumfa.

"Shi ma Peniamina, wa ya ce ya yi gaggawar sa hannu haka? Shekara huɗu yana cikinsu, bai san halinsu ba? Da ya buɗe baki ya faɗa mana."

"Ai kuwa," in ji Goggo Fa'asega. "Yaro da karatunsa. Mu me muka sani?"

Leutu ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta san kafin Lahadi haka labarin zai zaga ƙauye, haka kuma zai zauna. Ta nemi izini ta tashi.

Malaki yana bayan madafi, ya ji komai. Yana zaune kan dutse, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa.

"Ni na jawo masa," ya ce.

"Kwano kake riƙe da shi."

"Da na ce ba na so."

"Da an ce ba ka da kunya, a kuma yi abin da aka yi." Ta dafa kansa, gashin ya jiƙe da gumi. "Shiga ka ci abinci."

Bai motsa ba. Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Peni ne, ba hoto, murya kawai. Ya riga ya ji daga wani abokin wasansa, an ma nuna wa sabon mutumin akwatin kayan da yake nasa. Ya ce tun da zangon ya ƙare aka karɓi makullin ɗakinsa, yana kwana a falon wani ɗan tsibirin Tonga, bai faɗa ba ne don kada hankalinta ya tashi. Ya sa sunansa cikin masu neman canjin makaranta, amma jerin ya yi tsawon da bai ga ƙarshensa ba, kuma duk wanda ya duba sai ya tambaye shi dalilin da ya sa ya ajiye kujerarsa da kansa. Ya samu aikin dakon kaya a wani sito, kwana huɗu a mako.

"Mama, an ce akwai jirgi ƙarshen wata. In sa sunana? In dawo gida?"

Shekara biyu da rabi rabonta da ta taɓa shi. Ta dubi babbar rumfa, inda aka fara shimfiɗa tabarmi don addu'ar yamma, ta hango ginshiƙin da za a zaunar da shi a gabansa ya sunkuyar da kai ya nemi gafara.

"Kada ka dawo," ta ce.

"Mama?"

"Zauna can. Ka yi dakonka, ka ƙwanƙwasa kowace ƙofa. In wata ta buɗe, ka shiga, ka sa hannu, sannan ka gaya mana."

"Kawu fa?"

"Sannan ka gaya mana, na ce."

Can ya ce, "Malaki yana kusa?"

Ta miƙa wa Malaki wayar. Ya karɓa da hannu biyu ya kara a kunne, ta tsaya tana jira ta ji wanda zai fara magana a cikinsu.